Barcin Meklit a Baranda

Etenesh ba matsoraciya ba ce da can. Na san ta tun ranar da ta sauka Winnipeg, a ƙasar Kanada, don ni aka tura in tarbo su a filin jirgi, ita da mijinta Gashaw, da akwati biyu da kaskon suyar gahawa naɗe cikin mayafi. Sunana Askale. Na girme ta da shekara ashirin, shi ya sa take ce mini Etiye, yadda ake kiran babbar mace a wajenmu. Ni ce kuma tafintar 'yan Habasha na unguwarmu, ba don an naɗa ni ba, sai don na riga su zuwa, kuma bakina ba ya mutuwa.

A Debark aka haife ta, can kan duwatsun Habasha, ta bakwai cikin 'ya'ya tara. Tana da shekara goma sha bakwai ta tsallaka Khartoum aikin gida, ta yi shekara takwas tana wanke-wanke da shara a gidajen mutane. A can ta ga abin da ya zauna mata a zuciya. Wata rana aka yi kamen marasa takarda, aka tsare wata yarinya aka tambaye ta wa ya ba su masauki. Yarinyar ta faɗi sunan matar da ta ɓoye su, aka zo aka tafi da matar, ba su sake ganinta ba. Tun daga nan Etenesh ta ƙudurta cewa wanda ya yi mata alheri, sunansa ba zai fito daga bakinta a gaban hukuma ba, ko za a yanka ta.

Muna zaune a unguwar yamma, cikin tsofaffin gidajen katako da aka yanka ɗaki-ɗaki. Mutanen Iceland ne suka fara zama a nan, shekaru sama da ɗari da suka wuce, lokacin su ma ba su da ko sisi, matansu na wanki a gidajen masu hali. Sun daɗe da tashi. Jikokinsu yanzu lauyoyi ne da likitoci, da gidaje a bakin kogi, da wasu gidajen na hutu a garin Gimli, bakin tafki. Mu kuwa muka gaji matakalan da suka taka. Ba hassada nake ba, ko da yake wani lokacin ina yi.

Gashaw ya samu tuƙin tirela, sai ya yi kwana goma bai kwana gida ba. Etenesh ta samu aiki wajen wata tsohuwa 'yar asalin Iceland mai suna Lauga, shekararta tamanin da bakwai, ga sanda ga baki. Ta ce sunan Etenesh ya yi mata tsawo, ta mayar da shi Etta. Etenesh na ce mata Mama. Gahawa ce ta haɗa su. Tsohuwar tana tace tata da wani ƙyalle mai kama da safa, ta sa ƙwarar sukari a kumatu tana kurɓa, Etenesh kuma kullum sai ta gaya mata cewa wannan ruwan wanke tukunya ne.

A shekara ta uku, Valdine jikar Lauga, wadda lauya ce, ta haifi namiji. Bayan wata uku Etenesh ta haifi Meklit. Valdine ta koma ofis don tana so, Etenesh ta koma aiki don dole. Kullum da safe a ajiye yaron a gidan Lauga, Etenesh kuma ta zo da Meklit goye a baya.

Ranar da ƙanƙara ta fara zuba a shekarar, Etenesh ta fito daga ɗakin wanki ta nemi yaron Valdine ta rasa. Ta leƙa ta taga, sai ga shi a baranda cikin keken jarirai, shi kaɗai, an naɗe shi da buzu, hancinsa kawai ake gani. Ta ƙwalla ihu ta fita ba takalmi ta sunkuto shi.

"Mama! Wa ya fitar da shi? Zai mutu!"

"Ni na fitar da shi, kuma mayar da shi za ki yi," in ji Lauga. "Kin tashe shi a banza, sarkin azarɓaɓi. Ni haka uwata ta yi mini, ga ni nan na ƙi mutuwa, duk kun gaji da ni."

Haka mutanen Iceland suke yi, wai iska mai sanyi tana sa yaro barci mai nauyi, tana wanke masa ƙirji. Da Etenesh ta ba ni labari na ce mata waɗannan mutanen a bar su da halinsu. A wajenmu jariri ko ɗaki ba a barinsa shi kaɗai, balle waje.

To amma Meklit ba ta barci. Ɗakin Etenesh a hawa na uku yake, bututun ɗumama ɗakin ba ya raguwa, tagar kuma fenti ya liƙe ta tun kafin a haife mu. Yarinya ta kwana tari, ta wuni kuka, uwarta ta rame har wuya ya fito. Lauga ta gaji da kallo, ta sa aka sauko da tsohon keken da aka raini Valdine a ciki, ta ce a jera su biyu a baranda. Etenesh ta tsaya a bayan gilashi tana karanto sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Meklit ta yi barcin awa uku cur, ta tashi tana dariya. Bayan mako biyu tarin ya tafi. Sai Lauga ta ce ta tafi da keken da buzun gida, kyauta.

Bayan kicin ɗin Etenesh akwai 'yar baranda ta katako, inda matakalar baya take sauka lungu. Nan ta riƙa ajiye keken ranar Asabar da Lahadi, bayan azahar. Takan jawo kujera bakin ƙofa, ta bar ta a ɗan buɗe, tana yanka albasa tana kallon buzun yana ɗagawa yana sauka. Na gani da idona, na yi mata faɗa, ta ce, "Etiye, dubi kumatunta mana." Na duba, na ga sun ciko.

Asabar ta uku, wajen ƙarfe biyu na rana, ina ninke kaya a ɗakina na ƙasa sai na ga motar 'yan sanda ta tsaya a lungu. Wani daga gidan da ke kallon namu ne ya ɗauki hoto ya buga waya. Har yau ban san ko wane ne ba, kuma har yau ba na gaida kowa a gidan. Na ji takun takalma a matakala, sannan na ji muryar Etenesh tana kiran sunana, irin kiran da ban taɓa ji daga bakinta ba. Da rarrafe na kusan ƙarasa hawan.

'Yan sanda biyu ne, da wata matashiya daga ofishin da ke kula da lafiyar yara, riƙe da littafi. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san wannan littafin. Etenesh na tsaye a lungun gado, ta ƙanƙame Meklit har yarinyar ta fara kuka. Ma'aikaciyar ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi rashin kunya ba, har takalmi ta cire a bakin ƙofa. Wannan ladabin nata ya fi tsorata ni. Ta ce in fassara abin da aka faɗa kawai, kada in ƙara kada in rage.

"Minti nawa ta yi a waje?"

"Awa ɗaya da rabi," in ji Etenesh. "Ina zaune ina kallonta. Iska ce ke sa ta barci. Taɓa bayanta ki ji, da ɗumi."

Na fassara. Ma'aikaciyar ta taɓa, ta rubuta. Ta dubi gadon, ta tambaya ina yarinyar ke kwana, aka ce tare da uwarta, ta rubuta. Ta ga kaskon gawayi na gahawa a ƙarƙashin tebur, ta rubuta. Ta gwada buɗe taga ta ƙi, ta rubuta. Ina mijin? Yana hanya. Yaushe zai dawo? Sai Juma'a. Etenesh duk kanta a sunkuye, don a tarbiyyarmu ba a kallon babba cikin ido, ni kuwa ina ganin ma'aikaciyar tana leƙen fuskarta tana ƙara rubutu.

"Wa ya ce miki ana yi wa jariri haka? A ƙasarku ana yi?"

"Ba a yi."

"To a ina kika gani?"

Na buɗe baki ke nan, Etenesh ta ɗago ta dube ni, ta ce da harshenmu, a hankali, "Etiye, idan kika ambaci tsohuwar nan, ni da ke har abada." Sannan ta juya ta ce da bakinta, "Babu wanda ya ce. Ni na yi tunani."

Na ji kamar in kwaɗa mata mari. Mace mai jego, ba barci, miji ba ya nan, ta ce ita kaɗai ta yi tunanin kai jaririya cikin ƙanƙara. Ni da kaina da ni ce mai littafin, na san abin da zan rubuta. Ma'aikaciyar ta fita baranda ta yi waya mai tsawo. Muna jin muryarta ba ma jin kalmomin. Etenesh ta fara kwance 'yan kunnenta, wai in ba 'yan sandan. Na murɗe mata hannu na ce ta mayar kafin su gani.

Da matar ta dawo ta ce ba za su tafi da Meklit yau ba, da sharaɗin wani babba ya zauna a ɗakin dare da rana, kada a bar uwar ita kaɗai da 'yar. Ranar Alhamis za ta dawo da shugabarta a yanke shawara. Na sa hannu. Ban taɓa ganin sunana ya karkace a takarda kamar ranar ba.

Kwana biyar ɗin nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. Etenesh ta aika wa Lauga cewa ba ta da lafiya. Ba ta sauke Meklit ko na minti ɗaya, da ita take shiga banɗaki. Abinci sai na tura mata a baki. Mota ta tsaya a lungu, ta miƙe zumbur. Nononta ya fara ɗaukewa, wannan ya ƙara firgita ta, don ta ce shi ma za a rubuta. Ranar Lahadi matan cocinmu suka cika ɗakin, kowace da labarin wata da aka ɗauke wa 'ya'ya, wai wata sai da yaron ya manta harshenta aka dawo mata da shi. Na ɗauki tsintsiya na ce duk wadda ta ƙara buɗe baki sai na karya mata ita a ka. Suka fita suna cewa Askale ta haukace.

Ranar Talata da rana na fito wanka na tarar ta cusa kayan yarinya cikin jaka, ta goya ta, tana neman takalmi.

"Ina za ki?"

"Tashar bas."

"Ki je ina? Wa kika sani?"

"Ko'ina ne, Etiye. Na taɓa tsallaka iyaka da ƙafa."

"Da ƙafa, a cikin rana, ba a nan ba. Kina fita ƙofar nan kin ba su ita da hannunki."

Na kwashe takalmanta duka na kulle a ɗakina. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mara sauti. Na durƙusa na roƙe ta ta bari in je wajen tsohuwar. Ta kafe. Wai idan aka kama Mama fa? Idan aka ƙwace ɗan Valdine saboda ita fa, da wane ido za ta dube su? Ta ci abincin gidan shekara uku. Na ce mata irin su Lauga ba a kama su. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce hukuma hukuma ce.

Laraba da safe na sa matar limamin cocinmu ta zauna a madadina, na ce asibiti zan je. Bas biyu na hau, ina tunanin idan tsohuwar ta ce ba ruwanta, na rasa Etenesh kuma ban ceci Meklit ba. Ina isa gidan, abin da na fara gani shi ne keken a baranda, yaron na ta sharar barci. Mai kawo wasiƙa ya zo, ya taka matakala a hankali don kada ya tashe shi, ya leƙa ya yi murmushi ya wuce. Na tsaya a kan titi sai da numfashina ya dawo daidai.

Lauga ta saurare ni a tsaye, dafe da sanda. Da na gama sai ta fashe da dariya.

"'Yan sanda? Don yaro ya sha iska? Ai sai su kama duk kakannina a kabari."

"Ke dariya kike yi?" na ce. Ban san lokacin da muryata ta ɗaga ba. "Yarinyar nan kwana huɗu ba ta runtsa ba. Ta gwammace a ɗauke 'yarta da ta faɗi sunanki, don kada a taɓa ki, ke kuma kina dariya!"

Dariyar ta tsaya. Ta dube ni ta ce, "A taɓa ni? Wa zai taɓa ni?" Da gaske take tambaya, ba gatse ba ne. A rayuwarta kaf ba ta taɓa jin an ƙwanƙwasa ƙofa cikinta ya ɗuri ruwa ba. Ta ce in miƙo mata waya.

Ranar Alhamis ma'aikaciyar ta zo da shugabarta, wata mai furfura da tabarau. Sun zauna ke nan muka ji ƙarar sanda a matakala, ɗaya bayan ɗaya, da muryar tsohuwa tana zagin wanda ya gina benen. Etenesh ta juyo ta dube ni. Na kau da kai. Lauga ta shigo tana haki, Valdine na bayanta da baƙar jaka.

"Ni ce mai laifin," in ji Lauga, tun kafin ta zauna. "Keken nawa ne, buzun nawa ne, ni na koya mata. Kun ga gidan can mai koren rufi, na biyu daga nan? A barandarsa uwata ta riƙa shanya ni kamar wanki. In za ku rubuta, ku fara da ita."

Shugabar ta tambayi sunanta. Da ta ji sunan gidan sai fuskarta ta saki. Ashe dangin mijinta suna da gidan hutu a Gimli, layi ɗaya da na su Lauga. Suka shiga hirar bikin da ake yi can duk bazara, da wadda ta fi iya kek ɗin nan nasu mai hawa bakwai. Shugabar ta ce ai ta taɓa karantawa cewa mutanen arewacin Turai suna yin haka, har likitocinsu sun yarda. Valdine ko jakar ba ta buɗe ba. Na dubi agogo da suka fara, na duba da suka gama, minti goma sha biyu. Ba wanda ya tambayi Etenesh komai.

Aka ce an rufe maganar. A sayi gadon jariri, a daina kunna gawayi a ɗaki, Valdine kuma za ta rubuta wa mai gidan ya gyara taga. Matashiyar ta tsaya a bakin ƙofa tana sa takalmi, ta ce wa Etenesh ta yi haƙuri, aikinta ne. Na yarda da ita, kuma ban ji sanyi ba.

Etenesh ta zube ta sumbaci gwiwar Lauga, yadda muke yi wa manya. Tsohuwar ta rikice tana ta cewa, "Tashi, Etta, tashi, meye haka, ƙafar ma ciwo take." Suka tafi. Na zaci za ta yi mini faɗa, ko ta yi murna. Sai ta ce, "Etiye, me Mama ta faɗa wanda ban faɗa ba ranar Asabar?"

Na hau gyara kujeru.

"Shekararta casa'in," ta ce. "In suka dawo bayan ta mutu, wa zai hau benen nan?"

Wata biyu ta yi ba ta gaishe ni ba, saboda na karya mata alkawarin da ban ɗauka ba. Daga baya ta huce. Lauga ta rasu bayan shekara biyu, Etenesh ce ta riƙe hannunta, ta yi mata kuka irin na gida har dangin suka rasa inda za su sa kansu. Yanzu tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ana yabonta, Gashaw ya koma tuƙin cikin gari. Ba wanda ya sake zuwa. Amma ƙofar barandar nan ta jingina mata firji. Meklit ba ta zuwa filin wasa sai da ubanta. In ta faɗi ta ƙuje gwiwa, uwarta ba ta kai ta makarantar renon yara sai wurin ya warke, kada a tambaya.

Watan jiya na dafa miyar kaza na hau da ita. Hannuwana biyu na riƙe da tukunya, sai na buga ƙofar da ƙafa, da ƙarfi, sau uku. Ina jin rediyo a ciki, sai aka kashe. Shiru ya yi tsawo har na fara tunanin ko lafiya. Can aka buɗe kaɗan, da sarƙa a jiki, na ga ido ɗaya na Etenesh. Ta sauke ajiyar zuciya ta cire sarƙar.

"Ina Meklit?" na ce, don ga 'yar tsanarta a ƙasa, ga kofin madara rabi.

Etenesh ba ta dube ni ba. Ta juya wajen kicin ta ce, "Fito, Etiye ce."

Ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta buɗe. Yarinya 'yar shekara huɗu ta rarrafo daga tsakanin bokiti da robar sabulu, tafin hannunta a kan bakinta. Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta ɗaga kai ta dubi uwarta, ta ce cikin raɗa, "Na yi daidai, Mama? Ko tari ban yi ba."